Ayon 'yan kallo: na tace rawayan garin, na zubar da sauran ruwan a bayan aji

Tambaya

Assalamu alaikum Dakta. Ni malamin kemistiri ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jahun, Jihar Jigawa, kuma ni kaɗai nake riƙe da darasin daga aji huɗu har aji shida. Jarrabawar WAEC ta ƙarato, ga shi duk sanda na tambayi yarana ayon 'yan kallo sai su rubuta mini Na⁺ da NO₃⁻, ko da babu ko ɗayansu a cikin ikweshan ɗin. Wace hanya zan bi su gane? Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna: makon jiya mun haɗa Pb(NO₃)₂, wato naitiret na dalma, da KI, muka tace rawayan garin da ya kwanta, sauran ruwan kuma na sa monita ya zubar a bayan aji, tunda 'yan kallo ne kawai suka rage a ciki. Baba maigadi ya yi mini magana, wai wurin ba shi da nisa da rijiyar da ɗalibai da matan unguwa suke ɗiba. Na ce masa babu komai, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Don Allah a warware mini.

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya taimaka, riƙe aji uku kai kaɗai ba ƙaramin aiki ba ne. Zan fara da maganar jarrabawa don ita ce mai sauƙi, amma tun yanzu ka sani Baba maigadi ya fi ka gaskiya, kuma kada a ƙara zubar da ko cokali ɗaya a wurin nan.

Yaranka hadda suka yi. Kusan kowane littafi da AgNO₃ da NaCl yake buɗe wannan babi, to sai suka ɗauka amsar wannan misalin ita ce amsar ko'ina. Maganinsu shi ne ka hana su fara neman ɗan kallo. Su fara da tambayar abin da ya bar ruwan: wane ne ya daskare ya kwanta, wane ne ya tashi a matsayin iska, wane ne ya haɗu ya zama H₂O. Idan suka gano wannan, duk ayon, wato ƙwayar sinadari mai ɗauke da caji, da ya shiga a narke ya kuma fito a narke, da siffarsa da cajinsa ba su sauya ba, shi ne ɗan kallo. Ɗauki gwajin da kuka yi:

Pb(NO₃)₂(aq) + 2KI(aq) → PbI₂(s) + 2KNO₃(aq)

Pb²⁺ + 2NO₃⁻ + 2K⁺ + 2I⁻ → PbI₂(s) + 2K⁺ + 2NO₃⁻

Pb²⁺(aq) + 2I⁻(aq) → PbI₂(s)

K⁺ da NO₃⁻ su ne aka soke, su ne 'yan kallo. Ka ga ba za a iya wannan ba sai da ƙa'idojin narkewa a ka, kuma na san kana da su: naitiret duka suna narkewa, haka gishirin sodiyam da fotasiyam da amoniyam, kuloraid na narkewa ban da na azurfa da na dalma, shi na dalmar ma ruwan zafi yana narkar da shi, salfet na narkewa ban da na bariyam da na dalma, na kalsiyam kuma kaɗan-kaɗan, kabonet da haidoroksaid galibi ba sa narkewa. Waɗannan su ne abin hadda, ba sunayen 'yan kallo ba.

Don ka karya musu waccan ɗabi'a, ka riƙa ba su ayon ɗaya a wuri biyu. Cl⁻ ɗan kallo ne a haɗin BaCl₂ da Na₂SO₄, amma da ya gamu da Ag⁺ shi ne zai kwanta fari fat. SO₄²⁻ shi ne ya kwanta da bariyam, amma a haɗin CuSO₄ da NaOH yana gefe, Cu(OH)₂ mai launin shuɗi ne ya kwanta. NH₄⁺ ba ya taɓa komai idan (NH₄)₂SO₄ ya haɗu da BaCl₂, amma ɗumama shi da NaOH ka ji warin amoniya ya cika aji. Shi kansa NO₃⁻ da suka mayar ɗan kallo na har abada, ai shi ne ke ba da zoben nan mai ruwan ƙasa a gwajin FeSO₄ da H₂SO₄ mai ƙarfi. Daga nan sai ka ɗana musu tarko biyu. Ba(OH)₂ da MgSO₄: BaSO₄ ya kwanta, Mg(OH)₂ ma ya kwanta, babu ɗan kallo ko ɗaya. NaCl da KNO₃: babu abin da ya kwanta, duka huɗun 'yan kallo ne, wato babu abin da ya faru. Yaron da ya tsallake waɗannan biyun ya gane.

Sauran wuraren da maki ke zubewa sanannu ne. Su daina farfasa abin da bai narke ba kamar CaCO₃, su daina farfasa H₂O da asid mai rauni irin CH₃COOH, su bar SO₄²⁻ a dunƙule, su duba cewa jimlar caji ta hagu ta yi daidai da ta dama, su kuma rage lambobi zuwa mafi ƙanƙanta. In 2Ag⁺ + 2Cl⁻ → 2AgCl ya fito, a raba da biyu.

To, mu dawo kan rijiya.

Wannan jumla taka, "'yan kallo ne kawai suka rage", ita ce kuskuren da na fi cin karo da shi, daga bakin ɗalibai, daga bakin malamai, har daga bakin waɗanda suke da digiri a fannin. Alƙalami ne ya soke K⁺ da NO₃⁻ a kan takarda. A cikin kofin gwaji babu wanda ya soke su, suna nan yadda aka zuba su, ko ɗaya bai ragu ba. Mun cire su daga tataccen ikweshan, wato layin ƙarshe, ne don ba su shiga wannan haɗin ba, ba don sun ɓace ba, ba kuma don ba sa cutarwa ba. Ikweshan ba ya cewa komai game da abin da ayon zai yi a cikin jinin yaro.

Amma ko wannan ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne ruwan da monita ya zubar ba 'yan kallo kaɗai ne a cikinsa ba. Akwai dalma a ciki, ta hanya biyu.

Ta farko, alamar (s) da muke rubutawa ba tana nufin ko ƙwaya ba ta narke ba. Babu gishirin da ba ya narkewa ɗungurungum, bambanci kawai na yawa ne. AgCl da BaSO₄ kusan miligiram 2 ne ke narkewa a lita ɗaya, shi ya sa muke ɗaukarsu kamar sun fita gaba ɗaya. PbI₂, rawayan garin da kuka tace, ba haka yake ba. A zafin ɗaki, lita ɗaya ta tsantsar ruwa tana narkar da kusan giram 0.7 nasa, kuma kusan rabin wannan nauyin dalma ce. Kai da kanka ka san in aka tafasa shi narkewa yake, ya dawo yana ƙyalli kamar zinariya in ya huce. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, kuma ita ma hukumar ta ce babu wani adadi na dalma a jikin yaro da za a ce ba shi da illa. Ka ajiye miligiram ɗari uku da ɗoriya kusa da 0.01, ka gani da idonka.

Ta biyu ta fi muni. A takarda, Pb²⁺ ɗaya yana samun I⁻ biyu daidai wa daida. A aji kuwa wa ya auna? Yaro ya tuttula wannan, ya ɗiga wancan, ya ga rawaya ya yi murna. In Pb(NO₃)₂ ne ya fi yawa, duk rarar tana nan a narke, ruwa garai-garai ba launi ba wari, kuma takardar tacewa ba ta tare ayon. Mu yi lissafi. A ce mai ƙarfin 0.1 mol/dm³ kuka yi amfani da shi, rarar duk ajin ta taru ta kai 10 cm³ kacal. Mol 0.001 ke nan, wato miligiram 207 na dalma. Wannan ya isa ya kai lita 20,700 ta ruwa bakin waccan iyaka, sama da jarka 800 mai cin lita 25. Daga abin da bai fi cokalin shayi biyu ba.

Ba ina cewa rijiyarku ta lalace ba ne. Ƙasa tana kama dalma sosai, zubi ɗaya da wuya ya kai ga ruwan ƙasa, duk da cewa yashi irin na yankinku ba ya riƙe ta kamar laka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saman ƙasar, inda yara ke zama lokacin tara, inda awaki ke kiwo, inda iskar hunturu ke kwasar ƙura ta kai cikin aji. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, rana ba ta kashe ta. Wadda aka zubar bana za ta jira ta baɗi ta same ta, kuma ka tambayi kanka tun yaushe ake zubarwa a wannan lungu kafin a turo ka makarantar. Mutanen arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan guba. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta yi ajalin yara sama da 400, kuma yawancinsu ba su kai shekara biyar ba. Can yawan dalmar ya wuce misali, ba a haɗa shi da na ɗakin gwaji, amma hanyar ɗaya ce: ƙasa, hannu, baki. Wadda ba ta kashe ba kuma takan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso da nauyin fahimta, a yi ta dukansa a aji ana cewa ba ya ja.

Bari in ƙara maka da bariyam tunda shi ma yana cikin kabad ɗinka. A asibiti ana dama BaSO₄ a ba majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa, ya fita lafiya, saboda ba ya narkewa ko a cikin asid ɗin ciki. BaCl₂ da kake gwajin salfet da shi guba ne. BaCO₃ ba ya narkewa a ruwa, amma asid ɗin ciki yana narkar da shi, shi ya sa aka daɗe ana haɗa maganin ɓera da shi. To idan ka haɗa BaCl₂ da AgNO₃, AgCl ya kwanta, su wa suka rage? Ba²⁺ da NO₃⁻. Ga ɗan kallo na gaskiya, wanda kowane mai duba jarrabawa zai ba ka maki a kansa, kuma zai iya tsayar da zuciyar mutum.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan tunani bai tsaya a makaranta ba, ya cika gari. An jefa alam a randa, laka ta kwanta, ruwa ya yi haske, shi ke nan an ce ya tsarkaka. Alam yana aikinsa, ban raina shi ba: Al³⁺ ɗinsa yana zama Al(OH)₃ mai yauƙi, ya tattaro laka da wani kaso na ƙwayoyin cuta ya kwanta da su. Amma salfet ɗinsa yana nan a sama, haka duk wani abu da yake a narke tun daga rijiya. Kowace mace da ke dama koko ta san wannan ba tare da ta shiga aji ba. Gasara ta kwanta a ƙasan roba, ruwan sama ya yi garau, amma kurɓi ka ji, ruwa ba ya tsami banza.

A cikin abubuwan da alam ba ya taɓawa, wanda ya fi dacewa malamin ƙauye ya sani shi ne naitiret. Ƙa'idar farko da muke koya wa yara, cewa naitiret duka suna narkewa, ita ce dalilin da ya sa babu wani gari da za ka barbaɗa a randa ya kwantar da shi. Yana fitowa daga takin zamani, NPK ko yuriya bayan ƙwayoyin ƙasa sun juya ta, da kuma masai da turken dabbobi. Ƙasa ba ta riƙe shi, ruwan damina ne ke tafiya da shi har cikin rijiyar da ba ta da zurfi. Iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 ce a lita. Babba ba zai ji komai ba. Jaririn da bai kai wata shida ba, wanda ake dama wa madarar gwangwani da irin wannan ruwa, shi ne abin tsoro: naitiret yana komawa naitirait a cikinsa, ya sauya ƙarfen da ke jininsa daga Fe²⁺ zuwa Fe³⁺, jinin ya kasa ɗaukar iskar oksijin, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi. A ƙauye me za a ce? Iska ce, ko mayu, a nufi wurin mai hayaƙi. Tafasawa kuma, wadda ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta, ba ta rage naitiret, ƙara masa kauri ma take yi tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi. Kulorin ma haka, ƙwayoyin cuta yake kashewa. Don haka a ci gaba da tafasawa da sa kulorin, amma a nisanta masai da rijiya, aƙalla mita 30, kuma jariri ya tsaya a nonon uwa.

Sai kuma 'yan kasuwar tsoro. Ranar kasuwa za ka ga mai lasifika da ƙullin farin gari ba suna ba lambar hukuma, ya zuba a ruwan kududdufi, ya kwanta, jama'a su yi kabbara, ya ce yana cire "duk wata guba". Alam ne ko ɗan'uwansa, an ninka masa kuɗi. Waɗanda suka fi su wayo su ne masu tallan matatar ruwa da ke yawo da 'yar na'ura mai sanduna, su tsoma a ruwan gidanka su kunna wuta, cikin minti kaɗan ruwa ya yi jajaja-jajaja da dauɗa, su ce ga abin da kake sha. Ƙarya ce tsagwaronta. Dauɗar daga sandar ƙarfensu ta fito, wutar ce ta cinye ta ta zama haidoroksaid na ƙarfe. Ayon da ke ruwanka, kalsiyam da magniziyam da ba su da laifin komai, wutar kawai suka ɗauka. Ruwan da suka tace ba ya ɗaukar wuta sosai, shi ya sa nasu kofin ke zama fes. Wancan ya sayar maka da cewa abin da ba ka gani ba babu shi, wannan ya sayar maka da cewa abin da ka gani daga ruwanka ya fito. Ɗalibin aji biyar da ya fahimci darasin nan ya kamata ya iya tsayawa a gaban su biyun ya kunyata su, in kuwa bai iya ba, to me muka koya masa?

Ban ɗora maka laifin kai kaɗai ba. Ana gab da jarrabawa a kawo wa makaranta kwalaben gishirin dalma da na bariyam da na azurfa, a sa hannu a takarda, a tafi. Babu jarkar zuba ragowa, babu safar hannu, babu ma'aikacin ɗakin gwaji, wani wurin ma babu ɗakin, a kan bencin aji ake yi. Masu zuwa duba makaranta kuma littafin shirin darasi suke tambaya da rajistar halarta, ban taɓa jin wanda ya tambayi inda ake zubar da ruwan gwaji ba. Amma yaran nan amana ce a hannunka, matan da ke ɗiban ruwan nan ba su san me ake kira Pb²⁺ ba, kai ka sani, kuma wanda ya sani shi za a tambaya. Ka je ka sami Baba maigadi ka gaya masa ya yi daidai, don gobe in ya ga wani abu ya sake magana.

Ga abin yi. A kankare saman ƙasar wurin, kamar zurfin tafin hannu, bayan an yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Babba ne zai yi, ba ɗalibi ba. A zuba a bokiti mai murfi, a rubuta a jiki, a kulle a sito, kada a kai gona ko bola. Daga yau ka ware jarka ɗaya don ragowar dalma, wata don bariyam, da rubutu ɓaro-ɓaro, kuma kada ka kuskura ka yi amfani da robar lemo ko ta ruwan sha, yaro mai ƙishi ba ya karanta takarda. A ta dalma ka zuba Na₂CO₃ har sai ƙarin ɗigo ya daina kawo fari, domin kabonet na dalma ya fi PbI₂ wuyar narkewa nesa ba kusa ba. A ta bariyam ka zuba Na₂SO₄ ko MgSO₄. Ka bar su a buɗe a ɗaki mai makulli, zafin bazara zai busar da ruwan, garin da ya rage ka adana a kwalba mai murfi. Ragowar azurfa ka kwantar da ita da gishirin girki. Wadda ka narkar a cikin amoniya kuwa kada ta kwana: ka zuba mata HNO₃ mai ruwa-ruwa nan take AgCl ya dawo, domin haɗin azurfa da amoniya in ya daɗe a ajiye yana iya haifar da wani baƙin abu mai fashewa.

Ka kuma rage yawan abin da kuke haɗawa. Ɗigo biyu a kan farar leda da aka shimfiɗa bisa takarda suna nuna rawayan PbI₂ sarai, kwalba ɗaya ta yi maka shekaru. Don koyar da 'yan kallo ma ba ka buƙatar dalma sam. Haɗa CaCl₂ da Na₂CO₃, alli ya kwanta, ka tace, ka tsoma bakin fensir biyu da aka haɗa da batir da ƙaramin ƙwan tocila a ruwan da ya fito: zai kama. Ka zuba kaɗan a faranti ka ajiye a rana, kafin a tashi ga farin gishiri ya fito, Na⁺ da Cl⁻ ɗin da suka soke da safe. Kada dai kowa ya ɗanɗana.

Ita rijiyar, a gwada ta, ko don naitiret. Ka sami sabuwar robar da ba a taɓa sa komai a ciki ba, ka ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar, ka cika ta taf, ka ajiye a sanyi, ka kai cikin kwana ɗaya ko biyu. Hukumar samar da ruwa ta jiha ko sashen kemistiri na jami'a, a Dutse ko a Kano, su ne wurin tambaya, kuma ka faɗa musu ƙarara dalma da naitiret kake so a auna. In wani ya zo da 'yar na'urar nan mai kama da biro ya tsoma ya ce lamba ta yi kyau, kada ka karɓa. Jimlar abin da ya narke take ƙiyastawa, ba ta bambanta kalsiyam da dalma, kuma miligiram 0.01 ko motsa lambarta ba zai yi ba.